Hannun Zaidu Wanzami

Duk wani kai da ke yawo a unguwarsu a Dumega, Zaidu wanzami ne ya yi masa askin suna. Amma tun da ya fara tangaɗi a hanya, ƙafafu a ware, harshe ya yi nauyi, mutane suka yanke hukunci: tsoho ya faɗa wa burkutu. Zaidu fa, da ko goro bai dame shi ba!

Ɗansa Tukur ya kai shi wurin lokotoro, wato likita, a Dogon Dutsi. Lokotoro ya ce ya taɓa hancinsa. Yatsa ya taso lafiya lau, da ya kusa sai ya kama lilo, ya dunguri kunci. Lokotoro ya dafa masa ƙeya, daidai inda shi Zaidu ke kafa wa mutane ƙaho.

"Baba, nan akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa ƙarƙashin babbar. Babbar ke aiken hannu, ƙaramar ke samun labari daga jijiyoyi, tana gyara masa hanya kafin ya isa. Ƙaramar taka ce ke lalacewa. Ƙarfi yana nan, saitin ne babu."

Tukur yana tsaye, ya ji da kunnensa.

Ana haka matar Tukur ta haihu, namiji, jikan fari. Tukur ya zo yana sosa kai.

"Baba, ko a kira wanzamin Tibiri?"

Zaidu ya ɗora hannu bisa gwiwa. Ko motsi bai yi ba.

"Duba nan. Ina rawar?"

Muguntar ciwon ke nan: in hannu yana zaune, ba ya tona asiri. Tukur ya bar maganar, don shi ma ba ya son a ce baƙo ya aske ɗansa, kakan yana raye.

Ranar suna zaure ya cika. Aka fito da jariri. Zaidu ya wasa aska, ya jiƙa gashin, ya yi bisimilla. Hannu ya taso tsaf. Da ya kusa maɗiga, wurin nan mai taushi da ke bugawa a tsakar kan jariri, sai aska ta fara lilo. Ya janye, ya sake. Wannan karon lilon ya fi na farko. Ya zuba wa maɗigar ido tana bugawa. Ya mayar da askar cikin zabira.

"Tukur, hau babur ka ɗauko na Tibiri."

Ya miƙe, tangaɗi ya kwashe shi sai da ya dafa bango. A bayansa wani Nafi'u, wanda shi Zaidu ya yi wa askin suna da kaciya, ya ce, kuma ba a hankali ba:

"Kai jama'a! Ko yau bai iya haƙura da sha ba?"

Zaidu ya tsaya, hannu a bango, yana jiran ɗansa ya faɗi abin da lokotoro ya faɗa. Ya jira. Sai ya ji Tukur ya tada babur.