Kwalabe Goma Sha Ɗaya na Jinin Yaya

Abin ya fara ne ranar da aka ce za a kwashe tsohon firij ɗin ɗakin gwajin jini inda nake aiki, shekara huɗu bayan rasuwar Yaya.

A can ƙasan firij ɗin akwai ƙananan kwalabe goma sha ɗaya. Jininsa ne, ni na riƙa ɗiba duk wata shida tun da aka same shi da ƙwayar cutar ƙanjamau. Duk tsawon shekarun ya ƙi shan magani, wai jikinsa zai iya yaƙin shi kaɗai. Yakan miƙo hannu yana dariya: "Auta, ke da sauro ban san wanda ya fi cutata ba."

Likitan da ke shugabantarmu ya ce, "Samun jeri cikakke irin wannan yana da wuya, kuma masu binciken rigakafin cutar suna buƙata. Ko ki sa hannu a matsayinki na ƙanwarsa a aika musu, ko a ƙona ranar Litinin."

Kafin in amsa, na gwada. Na haɗa garkuwar jikin da ke kwalba ta biyar da ƙwayar kwalba ta huɗu, ta murƙushe ta. Na haɗa ta da ƙwayar kwalba ta biyar ɗin, sai garkuwar ta wuce ta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Ƙwayar takan yi kuskure wajen kwafar kanta, kuma wadda kamanninta suka sauya ita ke tsira ta hayayyafa. Haka har kwalba ta ƙarshe. Jikinsa bai taɓa fasa yaƙi ba, makara kawai yake yi. Na zauna ina kallon jinin mamaci yana cin nasara a kan abokin gaban da ya riga ya wuce, na yi salati.

Da yamma na gaya wa Inna. Ta ajiye tsintsiya.

"Wato ba duka muka binne shi ba?"

"Inna, jini ne, bai cika cokali biyu ba."

"Shekara huɗu yana cikin ƙanƙara, kina wucewa ta gabansa kullum? Yaron da ko wanka da ruwan sanyi ba ya iyawa?" Ta share ido da bakin mayafi. "Ki bar shi ya huta. Kada ki ba baƙi."

Tun daga ranar, ƙugin firij ɗin nake ji har cikin sallata.

Ranar Litinin zan sa hannu a aika da su, ko yaƙin da ya makara a jikin Yaya zai ceci wani. Kuma ba zan ɓoye wa Inna ba.