Kambin Goggo Maud

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, na wasu na saba karantawa. Idan ya karkace, laifin hannuna ne, ba na mutanen ƙauyen Wendlecote ba.

Bryony ta shigo cocin rungume da kambi, tana kare shi da rigar ruwanta. Ɗanyen reshe ta lanƙwasa, ta yi masa furanni da farar takarda, kamar yadda Goggo Maud ta koya mata tun tana ƙarama. Yanzu Goggon ce ta rasu, tsohuwar da ta rene ta, gobe kuma za a binne ta. A ƙauyen, mace in ta mutu ba ta taɓa aure ba, akan rataya mata kambi can sama a bangon arewa kafin a kai ta, a bar shi har sai ya faɗo don kansa. Abin da Goggo ta roƙa ke nan, ba ta ƙara komai a kai ba.

Ta tarar da Baba Osgood, dattijon cocin, riƙe da guduma a gindin tsani. Gabansa wata doguwar mata ce ta tare hanya, Malama Varley, daga hukumar kula da tsofaffin gine-gine, wadda ta zo duba rufi.

"Baba, don Allah ajiye gudumar nan," in ji matar. "Ƙarƙashin farar ƙasar bangon nan akwai zanen Ranar Shari'a, ya girmi kakannin kakanninka. Ƙusa ɗaya sai ta fasa fuskar mala'ika."

"Ke kin gan shi, mala'ikan?"

"Na'urarmu ta gan shi."

"To, ubana ya buga ƙusa a nan, kakana ya buga, mala'ikan bai taɓa cewa uffan ba."

"Shi ya sa ido ɗaya ya rage masa."

Baba Osgood ya ja tsaki. Bryony ta ɗaga kai ta dubi tsofaffin kambunan da ke jere a sama, sun yi baƙi, yanar gizo ta lulluɓe su. Ta ce, "Amma, ranki ya daɗe, waɗancan fa?"

"Waɗancan ai dukiya ce, 'yar nan. Babu irinsu a duk yankin. Doka na kare su."

"Saboda me?"

"Saboda al'adar."

"Al'adar ai... ita ce wannan da na riƙo."

"Wannan sabo ne."

"To yaushe zai tsufa?"

"In ya daɗe a rataye."

Bryony ta san akwai inda maganar ta ci kanta, amma ta kasa kama wurin. Matar ba mugunta take yi ba, a fuskarta ma tausayi ne, wannan kuwa ya ƙara rikita ta.

"Ga ƙugiyar Keziah Lamb can, ba komai a kanta," in ji Baba Osgood, yana nuni da gudumar. "Bara kambinta ya faɗo. Da mu binne shi a kabarinta yadda aka saba, sai kuka kwashe. Yarinya ta fi shekara ɗari biyu tana jiran ta huta, kun kai kambinta birni asibiti."

"Gyara ake yi. Za a dawo da shi kan ƙugiyarsa."

"Yaushe?"

"Ana kan aiki, Baba."

"Ana kan aiki! Ni ma a kan aiki za a binne ni."

Malama Varley ta matso, ta shafi fure ɗaya na kambin Bryony da ɗan yatsa, ta daɗe tana kallon yadda aka naɗe shi.

"Ba ni da ikon ba ku izinin rataye komai," ta ce a hankali. "Haka kuma abin da na tarar a rataye a bangon nan, ba ni da ikon sauke shi. Ni kaina sai na nemi izini, shi kuwa yakan ɗauki shekaru." Ta gyara wuyan rigarta. "Baba, zo ka nuna mini inda rufin yake yoyo. Ta waje. Zan daɗe ina dubawa."

Suka fita, ƙofar katako ta rufu da nishi.

Bryony ta tsaya ita kaɗai. Gargaɗi aka yi mata ko hanya aka nuna mata? Ta juya maganar gaba, ta juya ta baya, kowane gefe daidai yake. Ruwa na ɗiga cikin bokiti kusa da bagadi. Ba ta gama yanke shawara ba ta ga kanta a kan tsani. Ƙugiyar Keziah ta yi tsatsa, amma da ta rataya kambin, ta riƙe. Ƙarƙashinta akwai ɗan allo da sunan Keziah, shi ma doka na kare shi, don haka ba ta taɓa ba.

Saukowarta ke nan ta ji hayaniyar matan da suka kawo furannin jana'iza. Ta laɓe bayan ginshiƙi.

"Kai! Ku dubi sama!" Muryar Inna Dorcas ce, mai gidan burodi. "An dawo da na Keziah!"

"Ikon Allah! Fari fat, kamar jiya aka yi shi."

"Ke da kike zagin mutanen birni, ga aiki nan."

"Na janye, 'yar'uwa. Sun iya."

"Kash, Maud ba ta gani ba," in ji Inna Dorcas. "Ita da ta fi kowa baƙin cikin ɗauke shi. Ga shi nata ma na ji an ce ba za a bari a rataya ba."

Maganar ta zo wa Bryony har bakin leɓe. In ta faɗa, labari ya kai birni kafin gobe, wani ya zo da tsani. In ta yi shiru, kambin zai zauna, kowa kuma ya riƙa kiransa da sunan wata. Ta sake dubansa. Yana ɗan juyawa cikin iskar da ke shigowa ta fasasshiyar taga, tsakanin baƙaƙen 'yan'uwansa, daidai inda Goggo ta so.

Matan suka shiga gardamar inda za a ajiye furanni. Bryony ta ɗauki rigar ruwanta, ta bi gefen bango a kan yatsun ƙafa, ta fice ta ƙaramar ƙofar baya. Ba wadda ta waiwayo.