Wayar Auta a Aljihun Tebur

Auta yana da doka guda, kuma kowa a gidan ya haddace ta: muddin kasuwar hannun jari tana buɗe, wayarsa tana cikin aljihun tebur, a kife, ba ta ƙara. Sana'arsa ke nan, ya sayi hannun jari da safe ya sayar kafin a tashi, ya tsinci ɗan abin da ke tsakani. Watan jiya Baba ya kira shi a tsakiyar ciniki don kawai ya tambaye shi ina ya ajiye tabaransa. Auta ya waiwaya, farashi ya zame, shi kuwa ya buɗe baki ya zazzage wa tsohon: "Baba, kiranka ɗin nan ya jawo mini asara!" Daga ranar waya ta koma aljihun tebur.

Yau da safe ya sauke Baba a asibitin ido. Likita ta ce za a ɗiga masa maganin da zai sa ya yi ta gani dishi-dishi, kada ya kuskura ya tafi shi kaɗai.

"Da an gama ka kira ni, Baba. Nan da nan zan zo."

"To, Auta. Allah ya ba da sa'a."

Sai dai kasuwar yau ta haukace. Ana buɗewa farashi ya rikito, allon kwamfuta ya yi ja wur. Auta ya saya. Farashi ya ƙara faɗuwa, Auta ya ƙara saya, gumi na bin bayansa duk da fanka na kansa. Can farashin ya yi tsalle, ya koma kore, ya sake dulmiyewa. Shayin da matarsa ta kawo ya huce har ƙuda ya faɗa ciki. Ta leƙo ta ce, "Baba fa?" Ko juyowa bai yi ba, hannu ya ɗaga mata. Ya tuna da Baba, wallahi ya tuna, ba sau ɗaya ba. Kowane lokaci sai ya ce bari farashin nan ya ɗan hau tukuna.

Ya hau kuwa. Gab da rufe kasuwa ya sayar da komai, ya ci ribar da bai taɓa ci ba. Ya miƙe yana dariya shi kaɗai, sai ya ga rana ta bar tagarsa ta koma bangon maƙwabta.

Ya fizgo aljihun tebur, ya riga ya shirya ganin kiran Baba jere reras. Babu. Ko ɗaya babu.

Yadda ya tuƙa motar nan, Allah ne kawai ya kiyaye. Ya tarar an rufe ƙofar asibitin, mai shara na jan bokiti. Baba na zaune a kan benci a baranda, ya haɗe gwiwoyi, jakar magani a cinyarsa, idanunsa na ta zubar ruwa. Wata nas tana tsaye kusa da shi da jakarta a kafaɗa, da gani ta daɗe da tashi daga aiki.

"Kai ne ɗan nasa?" ta ce. "Sannu da zuwa, manyan 'yan kasuwa! Tun kafin tsakar rana aka sallame shi. Ko ruwa da ƙyar ya sha, wai kada fitsari ya matsa masa ba mai kai shi. Na ce ya ba ni lambarka, bawan Allahn nan ya riƙe mini hannu yana roƙona. Wai kana aiki, kira yana jawo maka asara."

Kunya ta rufe Auta, ya ji ya tsani kansa, ya tsani ribar. Ya durƙusa a gaban bencin.

Baba ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kan Auta, ya shafa.

"Auta ne? Yauwa. Kada ka kula ta, ni ban gaji ba." Ya sassauta murya, kamar mai tsoron amsar. "Yau dai ban ɓata maka ciniki ba ko?"