Yatsun Shigeo Goma

Tun da hannun Shigeo, tsohon kafinta, ya fara rawa, matarsa Tomie ba ta samun sukuni in ta ji ƙarar injin zarto. Wata Lahadi ya haɗa allo mai zamewa a kan teburin injin, ya kafa masa shinge da abin matse katako, don kada yatsunsa su kusanci haƙoran zarton.

"Tomie, zo ki gani," ya ce.

Ya matse wani katako a kan allon, ya tura shi a hankali, katakon ya rabu biyu, yanka miƙaƙƙe tsaf.

Tomie ta kama hannayensa ta ƙirga yatsunsa. "Goma cif. To tsoho, na yarda maka."

Ya yi dariya. Ta koma ta ɗora miyar miso ta waken soya, zuciyarta wasai.