Shuɗin Soso a Cikin Bututu

An dakatar da yankan tsohon bututun mai da ke ƙarƙashin tekun Suwez ranar Talata, bayan zarto ya riga ya ci rabin kaurin ƙarfen. Mai riƙe da zarton shi ne Habila, maninƙayin ƙarƙashin ruwa ɗan Bauchi da ke zaune da iyalinsa a unguwar Faisal, Alƙahira.

Ƙa'idar aikin sananniya ce. Kafin a yanka bututun da aka daina amfani da shi, ana tura ƙaton soso ta baki ɗaya, ruwa na ingiza shi, ya kore ragowar mai da iskar gas. Sai ya fito ta ɗaya bakin ake ba da izini. Ma'aikatan gaɓar teku sun ga gutsattsarin soso, suka ce ya fito.

Injiniya Mahasin, Bahaushiyar Sudan, ta ga hoton gutsattsarin a ofishin kamfanin da ke Alƙahira, a unguwar Hayyus Sabi'. Gutsattsarin ja ne, na wani wanki da aka yi shekarun baya. Wanda ta sa aka tura shuɗi ne.

"Soso dai soso ne, ya bashmuhandisa," in ji manajanta, Husam, yana kiran ta injiniya da Larabcin Masar. "Jirgin maninƙaya na tsaye yana cin haya. Khalas, magana ta ƙare."

"To sauka ka ƙarasa yankan da hannunka," ta ce. Ta kira jirgin da kanta, ta sa aka dakatar da yankan.

Da la'asar Batulu, matar Habila, ta iso ofishin a motar haya.

"'Yar'uwa, ki faɗa mini gaskiya. Sun fito da shi?"

"Yana cikin jirgi, Maman Jesse, a ɗakin matsin iska. Wanda ya yi aiki a wannan zurfin ba a fito da shi farat ɗaya, jini zai yi kumfa."

"To ya zauna a ciki mana."

Mahasin ta ce ba zai yiwu ba. Idan soson ya maƙale kafin ya wuce wurin yankan, gas na nan cike a wurin, kuma ƙarfen ya riga ya yi rauni. Dole a ɗaura wa wurin maƙalin ƙarfe kafin igiyar ruwa ta ƙarasa shi. Habila da abokin aikinsa ne kaɗai jikinsu ya saba da zurfin a yanzu.

Batulu ta nemi ta ji muryarsa. Aka ce ya riga ya sa hular ƙarfe ta nutso, zai koma ƙarƙashin ruwa.

Har aka tashi daga ofis ba wanda ya san ta wane gefen yankan shuɗin soson ya tsaya.