Agogon Aljihun Ƙarfe-Nawa

Tun ranar da bel ɗin inji ya kama igiyar agogon wani ma'aikaci ya karya masa hannu, masaƙar ta hana ɗaura agogo. Waya kuwa dama a bakin ƙofa ake ajiye ta. Ba wanda dokar ta takura wa kamar makaniken sashen rini, wanda likita ya ɗora wa maganin hawan jini da tsakar rana. Yana kwance ƙarƙashin inji sai ya leƙo ya tambayi mai wucewa lokaci, har abokan aiki suka laƙaba masa Ƙarfe-Nawa.

Yayarsa ce ta gaji da mitarsa, ranar hutu ta tasa shi gaba zuwa wani ɗan matsattsen shagon agogo. Mai shagon, wata dattijuwa mai tabarau a goshi, ta jera masa agogunan aljihu a kan ƙyalle.

Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya kara wancan a kunne, ya je bakin ƙofa ya dawo. Wani mai ruwan zinariya ya tafi da hankalinsa, bayansa gilashi ne, ana ganin haƙoran ciki suna juyawa.

"Yaya, dubi wannan."

"Kai da ko kofin shayi ba ya daɗewa a hannunka? Ajiye musu kayansu."

Dattijuwar ta tambaye shi sana'arsa. Da ta ji, sai ta turo masa wani na farin ƙarfe mai murfi, ba ado, ga nauyi kamar kwaɗon ƙofa.

"Wannan ba ruwansa da batir," in ji ta. "Kowace safiya ka murɗa shi, da ka ji ya yi tauri ka tsaya. Yana jure wahala, in ya lalace kuma ina da kayan gyaransa."

"In na manta ban murɗa ba fa, Inna?"

"Sai ya tsaya, kamar kowa in bai karya kumallo ba."

Ya sake kai hannu ga mai gilashin, yayar ta buge hannun. Da mai murfin suka fito. Suna kai bakin titi ya ce a koma ya ƙara dubawa, ta yi gaba abinta.

A wurin aiki ƙarar injuna ta hana shi jin bugun agogon, sai ya riƙa zaton ya tsaya. Ya ciro, ya buɗe, ya rufe, ya mayar, har murfin ya yi baƙi da maiko. Ana haka wata rana ya suɓuce masa daga saman tsani ya daki siminti. Ya sauko da sauri ya ɗauka. Murfin ya lotsa, amma agogon na tafiya lafiya ƙalau.

Duk da haka, da aka tashi sai da ya biya ta shagon. Dattijuwar ta kara agogon a kunne ta saurara, ta miƙa masa kayansa, ta ce ya sa masa sarƙa.

"Sarƙa kusa da inji, Inna? Sai dai a ɗauko ni a makara."

"To, a ɗinka maka aljihu mai zif."

Bai ko zauna ba ya nufi gidan yayarsa, don ita ke da keken ɗinki.