Ruwan Da Aka Ce Ba Ya Hawa Tudu

Kowa a layin ya san ruwa ba ya hawa tudu. Maganar ta tsufa har an manta wanda ya fara faɗinta. Cewa ake yi daga shagon tela zuwa sama, famfo sai dai ya yi tari ya ɗigo hawaye, don haka duk mai son ruwa a can sai ya sayi injin tura ruwa, da tanki, da ƙafafun ƙarfen da za a ɗora tankin.

Goggo kuwa a saman take zaune. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi kafin ta yi ritaya, kuma duk tsawon zamanta a gidan, daga famfon bakin titi take ɗauko ruwa. Da gwiwa ta fara gardama, wata safiya ta zame da bokiti a ƙofar gida. Autanta ya zo da yamma, ya ce magana ɗaya ce: ko ruwa ya shigo gidan nan, ko ta tattara ta koma wurinsa, a bene hawa na uku, ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabci.

Aka kira mai gyaran famfo. Ya auna tsakar gida da igiyar awo, ya leƙa kicin da banɗaki, ya rubuta takarda. Goggo ta gyara tabarau ta bi ta layi-layi. Bututu, kawunan famfo, haƙa da kuɗin aiki duk ba su tayar mata da hankali ba. Inji da tanki da ƙafafu da wayar wuta su ne suka cinye kashi uku cikin huɗu. Abin da ta ajiye bai kai rabin jimlar ba.

"Inna, kin dai gani," in ji Auta. "Ki zo kawai, jikokinki ma su huta da tambayata."

"Dakata tukuna." Ta juya wajen mai gyara. "Ɗana, wa ya ce maka sai da inji?"

"Ai Goggo kowa ya sani. Ruwa ba ya hawowa nan."

"Kowa ɗin nan, ya taɓa aunawa?"

Mai gyara ya yi dariya yana sosa ƙeya. Ta ce su ba ta kwana biyu.

Washegari da hantsi ta ɗauki bokitin roba da agogon hannunta, ta dogara sanda ta gangara shagon tela. Ta same shi da allura a baki yana fama da wuyan riga.

"Goggo, ke da bokiti kuma? Ba an hana ki ba?"

"Ba ɗauka na zo yi ba, jarrabawa na zo yi wa famfonka."

"To ya faɗi tun kafin ki raba takarda."

Ta tara bokiti, ta dubi agogo. Minti shida kafin ya cika. Ta rubuta a bayan takardar mai gyara. Gidan mai burodi minti bakwai. Gidan direba minti tara, matarsa tana tsaye tana cewa yau ma ai ya yi ƙoƙari. Sauran gidaje biyu ba su fi haka ba. Goggo ta zauna a dakalin direba tana matsa gwiwa, zuciyarta ta fara auna tsawon matakalar hawa na uku. Ga alama dai kowa ɗin yana da gaskiya.

Tana zaune ta hango shanyar mai wanki tana kaɗawa a can ƙarshen layi, sama da gidanta ma. Zannuwan gado sun fi ashirin. Ta tambayi kanta da wane ruwa aka wanke su. Ta miƙe da ƙyar ta haura.

Mai wanki ya murɗa mata famfo, ruwa ya daki gindin bokiti har ya fantsamar mata a zane. Daƙiƙa arba'in.

"Ina injinka?"

"Inji? Ni da ko fanka sai na yi shawara kafin in kunna?"

"To daga ina ka ja?"

"Daga babban bututun titi, kai tsaye. Ai tela ya hana ni reshe."

"Reshen me?"

Sai ga labari ya fito. Shekaru ashirin da suka wuce tela ne ya fara jan ruwa, da siririn bututu daidai buƙatar gidansa. Mai burodi ya ce, maƙwabci, ɗan ba ni reshe mana, me zai sa in fasa titi? Tela ya ji kunya ya bayar. Direba ya roƙi mai burodi, na gaba ya roƙi direba. A layin, roƙon reshe ya zama kamar aron tsintsiya, ba a hanawa. Shi kuwa mai wanki a satin ya ƙona wa tela sabuwar riga da dutsen guga, suka yi wata uku ba sa gaisawa, dole ya biya kuɗin haƙa ya ja nasa.

Goggo ta sake gangarawa, gwiwa na ƙara, ita kuma tana yi mata tsawa. Ta bi gidaje huɗun nan ta roƙe su kowa ya rufe famfonsa na minti biyar.

"Na ɗora tukunya fa, Goggo," in ji matar direba.

"Tukunyarki ta saba jira, 'yata."

Ta koma wurin tela ta murɗa. Famfon da ke tari ya buɗe murya. Minti ɗaya da rabi bokiti ya tumbatsa. Tela ya cire allura daga baki ya tsaya yana kallo.

"Yau shekara nawa ina zagin tudun nan," ya ce.

Da yamma ta kira mai gyara da Auta, ta shimfiɗa musu takardar da lambobinta a baya.

"A lissafinka daga ina za ka ja mini?"

"Daga gidan direba. Shi ne kusa, kuma haka ake yi."

"Wato in zama ta shida. Sake rubutawa: daga babban bututu, da bututu mai kauri irin na mai wanki. Soke inji, soke ƙafafu, soke waya."

"Haƙar za ta yi tsawo, ga kuɗin izinin haɗawa."

"Saka su. Ka ƙara ɗan tanki na ƙasa saboda ranar da aka ɗauke ruwa, da wani abu a gefe don abin da ba mu hango ba."

Ya ciji biro, ya tattara, ya sake tattarawa don ya ga tana kallon hannunsa. Jimlar ta tsaya ƙasa da abin da ta ajiye. Goggo ta jingina da bango ta saki wani dogon numfashi, ta miƙe ƙafafu.

"Shi ke nan, ɗakin nawa ya rasa baƙuwa," in ji Auta.

"Ka sa kwandon wanki a ciki. Ni ina nan."

Kwana tara bayan haka aka murɗa sabon famfo a kicin ɗin Goggo. Matar mai burodi ta leƙo da ta ji ƙarar ruwa, ta riƙe haɓa.

"Goggo, a ina aka ɓoye injin?"

"Babu inji. Ruwa yana hawa tudu. Gida biyar ne kuke sha daga bututu ɗaya mai kaurin ɗan yatsa."